Allurar Buɗe Hanyar Jini: Abin da Ake Haɗawa a Cikinta da Abin da Za Ka Tambaya

Idan kai ne kake karanta wa wasu wannan ɗan littafi, a gida ko bayan taro, ka karanta a hankali, domin a cikin masu sauraronka ana iya samun wanda ƙafarsa ke hana shi barci bai gaya wa kowa ba.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina aiki kusa da unguwar Birikiteri, unguwar Hausawa ta Yawunde. Wata rana aka kawo mini wani dattijo mai tsire daga cikin unguwar. Shekarunsa sun kusa sittin, ya fi shekara talatin yana shan taba. Ya cire takalmi, na taɓa ƙafafunsa biyu. Ta dama da ɗumi, ta hagu kuwa sanyi kamar randa. Ƙaramin yatsan ya fara baƙi.

Na ce, "Baba, yaya kake kwana?"

Ya ce, "'Yata, a zaune nake kwana. In na miƙe ƙafar a kan gado sai ta kama ci kamar wuta. In na sauke ta ƙasa sai ta ɗan lafa."

Wannan magana tasa alama ce da muka sani: jini ba ya isa ƙafar. Muka tura shi babban asibiti. Bayan gwaje-gwaje likitoci suka ce za su yi masa wata allura a baya, kusa da ƙashin gadon baya, don ƙafar ta sami jini. Ya dawo wurina a tsorace, ya ce, "Ciwo a ƙafa, allura a baya, ina haɗinsu?" Amsar da na ba shi ita ce zan ba ka a nan.

Jijiya iri biyu ce

A Hausa kalma ɗaya muke da ita, jijiya, amma abu biyu take nufi. Akwai jijiyar jini, wadda take kamar bututu, jini na gudana a cikinta. Akwai kuma jijiyar saƙo, wadda take kamar zare, tana kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa, laka da sauran jiki.

A cikin jijiyoyin saƙo akwai wasu da ba sa jiran umurninka. Likitoci na kiransu jijiyoyin simfatetik. Su ne ke sa zuciyarka bugawa da sauri in ka firgita, su ne ke sa ka gumi, su ne kuma ke tsuke ƙananan jijiyoyin jini na fata. Shi ya sa tafin hannunka ke yin sanyi idan ka tsorata, ko da asuba lokacin hunturu a Ngaundere. Waɗannan jijiyoyi sun jeru a gefe biyu na ƙashin gadon baya, da ƙulli-ƙulli kamar igiyar da aka ɗaɗɗaure. Ƙullin da ke gindin wuya, wanda ake kira ƙullin tauraro, shi ke kula da fuska da hannu. Waɗanda ke daidai kwankwaso su ke kula da ƙafa.

An daɗe da gane wannan. A 1851 wani masani ɗan Faransa, Claude Bernard, ya yanke wannan jijiya a wuyan zomo, sai ya ga kunnen zomon na wannan gefen ya yi ja ya ɗauki zafi. Da mai tsukewa ya daina aiki, sai hanyoyin jini suka saki. Yau ba sai an yanke ba. Ana sa maganin kashe zafi kusa da ƙullin, jijiyar ta yi shiru na wani lokaci, jini ya ƙaru a fatar hannu ko ƙafa.

Wa ake yi wa wannan allura?

Ana yin ta ga wanda jijiyoyin jinin ƙafarsa suka ƙuntace har yana jin zafi ko yana kwance, musamman idan likitan fiɗa ya ga ba za a iya buɗe jijiyar ko a yi mata wata hanya ba. Ana yi wa masu cutar Buerger, wadda ke kama masu shan taba tun suna da sauran ƙuruciya. Ana yi wa wasu masu cutar Raynaud mai tsanani, waɗanda yatsunsu ke yin fari, su koma shuɗi, su yi ja idan sanyi ya taɓa su. Ana kuma yi wa wanda ya karye ko ya ji rauni, ƙashi ya ɗore amma hannun ya ci gaba da ƙuna da kumburi da gumi, har iska ma in ta taɓa shi sai ya yi ƙara.

Ka riƙe wannan da kyau: allurar ba ta buɗe babbar jijiyar da ta toshe. Ka ɗauki misalin lambun rani. Idan babbar hanyar ruwa ta cushe da laka, buɗe bakin fangali zai sa ɗan ruwan da ke zuwa ya bazu, amma ba zai kwashe lakar ba. Haka allurar take. Tana rage zafi, tana ɗumama fata, wani lokaci tana taimaka wa ƙaramin gyambo ya warke. Yatsan da ya riga ya mutu ba ta tashe shi. Ga wanda ciwon sukari ya daɗe a jikinsa kuma, sau da yawa waɗannan jijiyoyi sun riga sun lalace, don haka allurar ba ta ƙara masa wani abu mai yawa.

Uwar maganin

Maganin kashe zafi na wuri ɗaya daban yake da maganin barci na ɗakin fiɗa. Idonka biyu ake yi maka shi. An fara amfani da irinsa a 1884, lokacin da Carl Koller ya ɗiga hodar koken a ido a birnin Biyana ya yi aiki ba tare da majinyaci ya ji zafi ba. Koken na da haɗari, sai aka yi ta neman madadinsa. A 1943 Nils Löfgren ya haɗa lidoken a ƙasar Suwidin, wanda a kantin magani za ka ga an rubuta Xylocaine a jikin kwalbarsa. Shi da bufibaken, wato Marcaine, su ne aka fi samu a asibitocinmu, kuma dukansu suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Lidoken na kamawa cikin 'yan mintoci, ya sake bayan awa ɗaya zuwa biyu. Bufibaken na jinkirin kamawa amma yana kai awa huɗu zuwa takwas. Ka ga matsalar: mai ciwon ƙafa yana son sauƙin makonni, magani kuwa na awoyi ne. Wannan ne ya sa likitoci ke haɗa masa wasu magunguna, don ya kama da wuri, ko ya daɗe, ko ya rage haɗari. Kowanne da amfaninsa, kowanne da sharrinsa.

Na farko: adirenalin

Wannan shi ne mafi daɗewa. Heinrich Braun, wani likitan fiɗa na Jamus, shi ya fara haɗa shi da maganin kashe zafi a 1903. Aikinsa tsuke jijiyoyin jini a wurin da aka yi allura. In suka tsuke, jini ba ya kwashe maganin da sauri, sai ya daɗe a wurin, zubar jini ta ragu. Ɗan kaɗan ake sawa, kashi 1 cikin 200,000. Saboda shi likita na iya ƙara yawan lidoken: ba tare da adirenalin ba iyakarsa wajen miligiram 4.5 ga kowane kilo na nauyin mutum, tare da shi kuwa har miligiram 7.

Ga mai ɗinkin rauni a ka ko cire haƙori, adirenalin abokin aiki ne. Amma ka lura da abin da yake yi: tsukewa. Mai ƙafa mai sanyi kuwa buɗewa yake nema. Shi ya sa ba a tsira allura mai adirenalin a yatsa ko ƙafar da jininta ya riga ya yi ƙaranci, kuma ba a sa ta a gaban yaro wajen kaciya. A allurar baya ko ta wuya, likita kaɗai ke yanke shawarar sa shi ko barinsa. Yakan kuma yi hattara da shi ga mai ciwon zuciya, mai hawan jini mai tsanani, da wanda maƙoƙonsa ke aiki fiye da kima.

A nan ne muka kusa yin kuskure da dattijon nan. Kafin ranar allurar baya, an so a yanke mataccen naman da ke yatsan, aka rubuta masa lidoken zalla. Ɗansa ya je wani kantin magani, aka ce babu, ga wani irinsa. Ya kawo. Na juya kwalbar na ga an rubuta "adrénalinée". Na ce ya mayar. Ya ce, "Anti, ai sun ce duk ɗaya ne." Na ce masa sunan ɗaya ne, aikin ya bambanta, kuma yatsan mahaifinsa ba shi da jinin da za a rage masa. Kai ma idan an ba ka takardar magani, ka kawo abin da aka rubuta. In an canza maka, ka faɗa da bakinka kafin a zuƙa a sirinji.

Na biyu: bikabonet

Lidoken na da ɗan tsami, shi ya sa yake yin zugi lokacin shiga. Idan aka haɗa masa ɗan bikabonet, kamar mililita 1 cikin mililita 10, zugin na raguwa, kuma yakan kama da wuri. Dangin kanwa ne, amma tatacce ne da aka yi don allura, ba ya haɗuwa da kanwar kasuwa ko kaɗan. Ba ya ƙara daɗewar magani sosai. Idan aka zuba shi da yawa a bufibaken sai ya yi gari-gari a cikin sirinji, dole a zubar.

Na uku: dekzametazon

Maganin kumburi ne. Idan aka haɗa shi da allurar kashe jijiyar hannu ko ƙafa, yana ƙara mata awoyi da dama. Sharrinsa shi ne yana ɗaga sukarin jini na kwana ɗaya ko 'yan kwanaki. Idan kana da ciwon sukari ka faɗa, kuma ka auna sukarinka a kwanakin da suka biyo baya. Akwai 'yan'uwansa masu kauri, farare kamar madara. Waɗannan ana guje musu a wuya, domin jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa na nan kusa, kuma in ƙwayoyinsu suka shiga ciki suna iya jawo shanyewar jiki.

Na huɗu: kulonidin da dekzmedetomidin

Kulonidin asalinsa maganin hawan jini ne, ɗayan kuma maganin kwantar da majinyaci ne. Dukansu suna tsawaita aikin allurar kashe zafi. Amma suna saukar da jini, suna rage bugun zuciya, suna kawo gyangyaɗi da bushewar baki. Ita kanta allurar baya tana iya saukar da jini, to ka ga an haɗa biyu. Wanda aka sa masa su ba ya tashi tsaye farat ɗaya, kuma ba ya hawa babur shi kaɗai a ranar.

Na biyar: masu kashe jijiya na watanni

Idan an gwada allurar lidoken ko bufibaken aka ga ƙafa ta yi ɗumi, zafi ya lafa, likita na iya komawa ya sa fenol ko tataccen sinadarin alkohol a ƙullin. Waɗannan ƙona jijiyar suke yi, sauƙin yakan kai watanni kafin ta sake tsirowa. A ƙullin kwankwaso aka fi yin haka. Wasu majinyata sukan sami ƙuna a matsematsi da gaban cinya na makonni bayan an yi. A wasu ƙasashe an gwada haɗa Botox da allurar, aka ga ɗumin ƙafa ya fi daɗewa, amma yana da tsada ƙwarai kuma mutanen da aka gwada a kansu ba su da yawa.

Gaskiyar magana, yawancin binciken da aka yi a kan waɗannan haɗe-haɗe an yi shi ne a allurar fiɗar hannu da ƙafa. Wanda aka yi a kan jijiyoyin simfatetik kaɗan ne. Saboda haka likitoci da yawa maganin zalla suke sawa, su maimaita in ya yi amfani. Idan likitanka bai haɗa komai ba, kada ka ɗauka rowa ya yi maka.

Yadda ranar take

Wannan ba allurar ɗakin shan magani ba ce, mu ma ba ma yin ta. Aikin likitan sa barci ne ko likitan da ya ƙware a kan ciwo, a asibitin da ke da na'urar hoto, da iskar oksijin, da kayan farfaɗo da mutum. Za a sa maka ƙaramin bututu a jijiyar hannu, a ɗaura maka awon jini. Idan ta ƙafa ce za ka kwanta rub da ciki ko ta gefe, a bi allurar da hoton ƙashi har ta kai gefen ƙashin baya. Idan ta hannu ce za ka kwanta rigingine, a duba wuyan da na'urar eko irin wadda ake duba masu juna biyu da ita. Ana auna zafin fata kafin a yi da bayan an yi. Idan ya hau da kamar digiri 2 ko fiye, an san magani ya kai inda ake so.

Bayan allurar wuya, fatar idonka ta wannan gefen za ta ɗan sauko, idon ya yi ja, hanci ya toshe, murya na iya dushewa. Kada ka firgita, wannan na wucewa cikin awoyi. Kada ka ci ko ka sha sai haɗiya ta dawo daidai, don kada ka ƙware. Ba a yin gefe biyu na wuya a rana ɗaya.

Amma idan ana cikin yi ka ji leɓɓanka sun mutu, ko ɗanɗanon ƙarfe a baki, ko ƙara a kunne, ko jiri, ka faɗa nan take. Alama ce magani ya shiga jini, kuma in aka ci gaba yana iya kawo farfaɗiya ko ya tsayar da zuciya. Wannan ba wurin nuna jarumtaka ba ne. Bayan ka koma gida, idan numfashi ya yi maka wuya, ko ƙirji na ciwo, ko wuya ya kumbura, ko ka ga jini a fitsari, ko zazzaɓi ya kama ka, ko ƙafa ta ƙi ɗaukarka har washegari, ka koma asibiti ko da tsakar dare ne.

Abin da za ka faɗa, da abin da za ka tambaya

Ka zo da littafinka na asibiti da duk magungunan da kake sha, har da na gargajiya. Ka faɗa idan kana shan maganin tsinka jini, irin su wafarin ko kulofidogirel, amma kada ka daina sha da kanka sai likita ya ce. Ka faɗa idan kana da ciwon sukari, hawan jini, ciwon zuciya ko na huhu. Ki faɗa idan kina da ciki, saboda hoton ƙashi. Ka faɗa idan wata allurar kashe zafi ta taɓa ba ka wahala.

Sa'an nan ka yi tambaya huɗu. Wane magani za a sa mini, kuma me aka haɗa a ciki? Kwana nawa ake sa ran sauƙin zai yi? Idan bai yi ba, me ya rage? Akwai hanyar buɗe babbar jijiyar da ta toshe? Tambaya ba raini ba ce. Ka ce a rubuta sunan maganin a littafinka, domin in ka koma ƙauye, ma'aikacin da zai duba ka ya san abin da aka sa maka.

Abin da ke hannunka

Dattijon nan an yi masa allurar. Ya gaya mini a daren ya kwanta ya miƙe ƙafa, karo na farko cikin wata huɗu. Ƙaramin yatsan bai tsira ba, an cire shi. Ƙafar ta tsira. Bayan wata biyu ya koma shan taba, zafin ya dawo, ya zo yana sunkuyar da kai. Na ce, "Baba, likita ya buɗe, kai kana rufewa." Kowane karan taba tsuke jijiyoyin jini yake yi, wato yana warware aikin allurar. A karo na biyu ya bari. Yana nan yana zama a wurin sana'arsa, amma ya bar wa ɗansa bakin wuta, domin na hana shi kusantar da ƙafar ga garwashi.

Kai ma ka kiyaye waɗannan. Ka bar taba kowace iri, har da ta hanci da ta baki. Kada ka gasa ƙafa mai sanyi a wuta ko ka tsoma ta a ruwan zafi, tana iya ƙonewa ba ka ji ba. Ka sa safa mai laushi. Kada ka bari a yi mata tsaga ko ƙaho, domin raunin da ba jini ba ya warkewa. Kada ka yi tafiya ba takalmi, ko a tsakar gida. Ka duba ƙasan ƙafarka da tsakanin yatsu kowace rana. Ka sha maganin sukari da na hawan jini yadda aka ce. Idan likita ya yarda, ka riƙa tafiya kullum har ka ji sha-raɓa ta fara ciwo, ka huta, ka ci gaba, domin hakan na ƙara nisan da ƙafar za ta iya kai ka.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi gaggawa. Idan ƙafa ko hannu ya yi sanyi farat ɗaya, ya kwashe launi, ga ciwo mai tsanani, ga shi ya mutu ba ya motsi, wannan gudan jini ne ya toshe hanya. Ba maganar allurar baya ba ce, ba kuma ta jiran ranar kasuwa a sami mota ba. Bayan kamar awa shida nama yana fara mutuwa. A nemi abin hawa a lokacin, a nufi asibitin da ke da likitan fiɗa.

Idan akwai wanda ka sani yana kwana a zaune saboda ƙafa, ka taɓa ƙafafunsa biyu da bayan hannunka. In ɗaya ta fi ɗaya sanyi, ka rako shi asibiti a makon nan. Allah ya ba mu lafiya.